Abin da tsohuwar amfilifaya ta koya mini

Ina shekarata ta biyu da fara koyon gyaran kayan sauti a shagon maigidana a Kano sai ya aike ni gidan wani dattijo, tsohon malamin makaranta. Ɗansa ne ya saya masa sabuwar talabijin mai shafaffen allo da ɗan akwatin Android, don ya riƙa kallon tafsiri da labarai ta intanet. Hoto garau, amma muryar siririya, kamar daga cikin gwangwani take fitowa. A kusurwar falon kuwa ga amfilifayar Sansui, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da manyan lasifikokin katako guda biyu, waɗanda ya ce tun shekarun 1980 ya zo da su daga aikin Hajji. So yake muryar akwatin ta riƙa fita ta cikinsu.

Na leƙa bayan akwatin, na ga kafar HDMI da wata 'yar kafa mai fitar da jan haske. Na leƙa bayan amfilifayar, babu komai sai kafofin RCA, ja da fari. Nan take na ce, "Baba, wannan ba za ta yiwu ba, sai dai a sayi sabuwar lasifika." Bai yi mini musu ba. Ya tashi ya saka kaset ɗin karatu, murya ta cika falon har kana jin numfashin mai karatun. Ya ce, "Ɗana, wannan ce za a jefar?"

Da na koma shago na ba maigida labari, sai ya ce in ɗauki sauti kamar ruwan famfo: in gano inda ya taso, bututun da yake bi, da inda aka tare shi. Wannan maganar ce ta buɗe mini ido. Sautin da ke fita ta HDMI ko ta kafar haske na dijital ne, wato lissafi ne zalla, ita kuwa amfilifayar Baba igiyar lantarki ta analog kawai ta sani. Ba tsufa ne laifinta ba, tafinta take buƙata. Ita kanta kafar hasken ba baƙuwa ba ce, kamfanin Toshiba ne ya fito da ita tun 1983, shi ya sa ake ce mata TOSLINK. Na je Sabon Gari na sayo ɗan akwatin juya sauti da ake kira DAC, wanda bai fi akwatin ashana biyu ba: haske ya shiga ta gefe guda, ja da fari su fita ta ɗaya gefen.

Na haɗa, na kunna, sai wani shuuu mai huda kunne. Na kusa mayar wa mai shagon da kayansa, ashe lafiyarsa ƙalau. Akwatin Android ɗin ne yake turo sautin a dunƙule, a tsarin Dolby Digital mai hanyoyi shida, su kuwa irin waɗannan ƙananan na'urorin, tsarin PCM mai hanya biyu, wato sautin da ba a dunƙule ba, kaɗai suke ganewa. Na shiga saitin sauti na mayar da shi PCM, murya ta fito. Tun daga ranar, kafin in zargi wata na'ura sai na fara duba saiti.

Kuskure na biyu ya fi damuna, domin da idona na ga rubutun amma ban tsaya na yi tunani ba. Na cusa wayar da ta fito daga DAC ɗin a kafar PHONO ta amfilifayar don ita ce ta farko a jere. Murya ta fito a dagule, bas ya yi yawa, lasifika na karkarwa. Ita wannan kafar ta faifan garmaho ce. Allurar faifai kusan milibolt 5 take bayarwa, don haka ake ninka ƙarfinta sosai a ciki, a kuma ƙara mata bas. DAC kuwa yana iya fitar da har bolt 2. Ka ga an ɗura wa ƙaramin kofi ruwan bokiti. Da na mayar da wayar kafar AUX sai komai ya daidaita, kuma da TAPE ko TUNER na saka ma da ta yi.

Sauran ɗan gurnani da ya rage kuwa, wata cajar waya mai arha da na ba DAC ɗin wuta da ita ce ta jawo shi. Na canza caja, na raba wayar sauti da wayar wuta, ya ɓace. Bluetooth ban ko gwada ba, saboda yakan sa murya ta makara, baki ya motsa kafin magana ta iso.

Daga baya na ga Baba yana da dikodar tauraron ɗan'adam ma. Sai na cire wayar hasken daga akwatin Android ɗin na mayar da ita bayan talabijin, can ma na saita PCM, ta yadda duk abin da aka kalla, muryarsa ta amfilifayar za ta bi.

Abu ɗaya ne na ji nauyin faɗa masa: rimot ɗin talabijin ba zai ƙara murya ko ya rage ta ba, sai dai ya riƙa tashi yana murɗa maɓallin amfilifayar da hannu. Ya yi murmushi ya ce, "Ai shekara arba'in ke nan ina murɗa shi." Ya jawo kujerarsa kusa da ita, ya nemo tafsirin da yake so, ya ɗan ƙara murya, sannan ya ce in zauna a kawo mini abinci.