Maganar da ke zuwa bayan "dama"

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta zo mana Katsina daga ƙauyenmu da ke gefen Malumfashi a farkon kakar bara, ɗauke da ƙullin daddawa da ɗan buhun gyaɗa, ta kwana uku ta koma. Sai bayan tafiyarta da mako biyu na san abin da ya kawo ta, ko da yake ta faɗa mini shi da bakinta a zauren gidana, ina zaune a gabanta har ma na amsa mata.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa gaisuwa ba ta ɗaukar labari. Ana tambayar kwana da gajiya da iyali da mutanen gida, amsar kuma ɗaya ce ko da mutum ya kwana bai runtsa ba: lafiya lau, sai godiya. Abin da ya kawo baƙo yakan jira har a sha ruwa, a ci tuwo, a taɓa zancen damina da tsadar taki, wani lokaci ma har sai an fito rakiya an kai bakin ƙofa, sannan ya ɗan tsaya, ya dubi ƙasa, ya ce, "Dama..." Abin da ya biyo bayan wannan kalma shi ne ainihin dalilin zuwan. Idan kuwa mai maganar tsohuwa ce mai kawaici, wadda ba za ta iya kallon ɗan wanta ta ce tana da bukata ba, to ko bayan "dama" ɗin ma ba za ta fito fili ba, sai dai ta aje maka bakin zaren ta ga ko za ka ja.

A daren da zai zama na ƙarshe, Gwaggo ta same ni a zaure bayan addu'ar iyali, ta zauna a kan tabarma, ta ce, "Dama, ɗan nan, rubutun littafin nan nawa ne ya ƙanƙance." A lokacin wayata tana hannuna, kuma zauren WhatsApp na kwamitin gini na ikkilisiyarmu ya ɗauki zafi a kan kuɗin kwanon rufi, ni ne kuma sakatare, kowa yana jiran in turo lissafi. Na ɗago kai rabi na ce, "Ai ba komai, Gwaggo, akwai mai manyan baƙaƙe, zan sa a nemo miki." Ta ce Allah ya yi albarka. Ta ƙara zama kaɗan, ban san tsawon lokacin ba domin idona yana kan lissafi, sannan ta miƙe ta shiga ciki.

Littafin da take nufi shi ne Littafi Mai Tsarki nata, fassarar 1979, wanda bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi har ta ɗinka masa riga da ƙyallen atamfa. Ba ta yi makarantar boko ba. A ajin yaƙi da jahilci na ikkilisiya ta koyi haɗa baƙi bayan ta yi aure, kuma tun daga nan ba ta taɓa barin wani ya karanta mata abin da za ta iya karanta wa kanta ba. Ita ce mai buɗe aya a taron Zumuntar Mata na ƙauyen shekara da shekaru. Na san wannan duka sarai, kuma da na aje wayar na minti biyar da na gane cewa mace irin wannan ba za ta hau mota tun daga Malumfashi don ta yi ƙorafin girman baƙaƙe ba.

Uwargidana ce ta ji abin da ban ji ba, ita da ba a ma gaya wa ba. Ta lura Gwaggo tana zuba ruwa yana sauka a gefen kofi, ta kuma ga tana lalubar takalminta da ƙafa a bakin ɗaki da rana tsaka. Da na dawo da sabon littafin mai manyan baƙaƙe ina ta murna, sai ta ce, "Maigida, ba littafi Gwaggo take nema ba, idonta ne yake tafiya." Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji masu magana, ni kuwa ko fuskar ban duba ba.

Abu ne mai sauƙi a ɗora wa waya laifin, kuma tana da nata kason. Tun da layukan salula suka shigo Nijeriya a 2001 muka saba da katse mai magana da "ina zuwa" don mu amsa kiran wanda ba ya wurin, har abin ya daina zama rashin ladabi a idonmu. Amma da na yi wa kaina hisabi, sai na ga cewa ko da babu waya a hannuna a daren nan, da wuya in ji ta, domin na riga na saba da wata ɗabi'a da ta fi waya daɗewa, wato shirya amsa tun mai magana bai kai aya ba. Ayar Karin Magana 18:13 a Littafi Mai Tsarki ta kira wannan wauta da abin kunya, kuma ba ta keɓe amsa mai kyau ba. Amsata ga Gwaggo mai kyau ce, har da kashe kuɗi a cikinta, sai dai amsar tambayar da ba ta yi ba ce.

Mu masu bi muna da namu salon na wannan ɗabi'a, wanda yake da wuyar ganewa saboda ya sa rigar ibada. Mutum zai fara buɗe cikinsa a bakin majami'a bayan sujada, kafin ya kai tsakiya mun jefa masa aya, ko mu kama hannunsa mu ce, "Bari mu yi addu'a." Ba ina raina addu'a ba ne, Allah ya kiyaye. Amma na sha yin ta a matsayin hanyar rufe zance cikin mutunci, domin da zarar an ce amin ba wanda zai iya komawa kan maganar, ni kuma in samu in wuce taron da ke jirana. Addu'ar da aka yi wa mutum ba a ji damuwarsa ba takan fito da kalmomin da za su dace da kowa, shi kuwa mai damuwar yana ji a jikinsa cewa ba shi ake nufi ba. Abokan Ayuba uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai, dare da rana, ba wanda ya ce uffan, kuma wannan ne kaɗai abin da suka yi masa daidai. Da suka buɗe baki da dogayen bayanai a kan Allah, sai Ayuba ya kira su masu ta'aziyyar banza, daga baya kuma a sura ta 21 ta Littafin Ayuba ya roƙe su su kasa kunne ga maganarsa kawai, wannan ya zama ta'aziyyar da za su yi masa.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai tun bayan wannan abu shi ne Markus sura 5. Yesu yana kan hanyar gidan Yayirus, shugaban majami'a, wanda 'yarsa mai shekara 12 take bakin mutuwa, jama'a suna matsarsa ta kowane gefe, ba gaggawar da ta wuce wannan. Wata mace da ta shekara 12 tana zubar da jini ta raɓo ta baya ta taɓa mayafinsa, ba ta ce komai ba, ta kuwa warke nan take. Da ya ci gaba da tafiya ba wanda zai ga laifinsa, tunda bukatarta ta riga ta biya. Amma ya tsaya yana tambayar wanda ya taɓa shi, almajiransa suna ganin tambayar ba ta da kan gado a cikin irin wannan cunkoso, har matar ta fito tana rawar jiki ta faɗa masa gaskiyar duka. Gaskiyar shekara 12, da likitocin da ta zagaya da dukiyar da ta ƙare, ba a faɗarta a numfashi ɗaya, Yayirus kuma yana tsaye yana jira. Yesu yana cikin magana da ita aka zo da labarin cewa yarinyar ta rasu. Mun san ya ta da ita daga baya, amma a lokacin da ya tsaya ɗin, duk wanda ke wurin gani yake an yi asarar lokaci a kan matar da ta riga ta samu abin da ta zo nema. Ni da na kasa jinkirta lissafin kwano na minti biyar, ban da bakin magana a gaban wannan.

Ranar Asabar da ta biyo baya na kama hanyar Malumfashi. Na bar wayar a cikin mota da gangan, domin na san halina, in tana aljihu hannuna zai kai kanta ko ba ta yi ƙara ba. Na iske Gwaggo a gindin bishiyar darbejiya tana ɓarar gyaɗa da lalube. Muka gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, muka yi zancen dawa da ta yi kyau da masarar da ba ta yi ba. Sau biyu maganar asibiti ta zo mini har bakin leɓe, domin na riga na tambaya an gaya mini cewa yanar ido aiki ne na ɗan lokaci, a cire abin da ya yi hazo a sa na roba, tsofaffi da yawa kuma suna komawa gani. Na haɗiye ta, na ja kwaryar gyaɗar gabana na shiga taya ta ɓara.

Sai da inuwa ta juya sannan ta ce, "Dama, ɗan nan, ba idon ne ya fi damuna ba." Ta ce tun da aka kai mijinta asibiti da ƙafarsa aka dawo da shi a kwance, ta yi wa kanta alkawarin ba za ta kwanta a gadon asibiti ba, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba, har fasto, don kada a ce bangaskiyarta ta yi rauni. Ta ce tana tsoron ranar da za a riƙa jan ta da sanda zuwa sujada, jikokinta suna faɗa a kan wanda zai kai ta. Ta daɗe tana magana, tana tsayawa tana ci gaba, wani wurin ta koma baya ta gyara abin da ta faɗa. Akwai ayoyi a bakina da suka dace da kowace gaɓa, ban fito da ko ɗaya ba.

Da ta gama, ta share hannunta a zani, ta shiga ɗaki ta fito da tsohon littafin mai rigar atamfa, ta miƙo mini, ta ce in buɗe mata Zabura 121, wadda ta haddace tun ban san kaina ba. Ina karantawa tana bina da leɓe, inda na yi sauri kuma sai ta ɗaga hannu ta ce in koma baya.