Ranar Ƙarshen Shekara a Kyoto

Laraba, 31 ga Disamba 2025

Ban samu komawa barci bayan asuba ba. Kaka, tsohuwar da nake haya a gidanta, ta fara jan kujeru a ƙasa tun gari bai gama wayewa ba. Na sauko na same ta da tsumma a bakin sanda tana miƙa wa saman ƙofa. Matar da ta haura tamanin! Na karɓe sandar, ita kuma ta koma ba da umarni.

Wannan sharar mutanen Japan suna kiranta osoji, kuma ta wuce sharar da na sani. An ciro komai daga kabad, an wanke tagogi ciki da waje, an goge bayan firij, har fitilar rufi sai da na kwance na wanke. Ta fara tun tsakiyar wata, wuraren da hannunta ba ya kaiwa ne ta ajiye mini. A imaninsu akwai abin bautar shekara, Toshigami, da ke ziyartar gidaje ranar ɗaya ga wata, kuma ba ya shiga gida mai ƙura. Na gaya mata tun bara cewa ni Musulmi ne, ba ruwana da baƙon nata. Ta ce to ai ƙurar ba ta da addini. Ban sami amsa ba, na ci gaba da goge-goge.

Adon ƙofa kuwa tun ranar 28 aka rataye shi: igiyar karan shinkafa da aka tufka, da farar takarda da ɗan lemo. Ba a ratayewa yau, wai adon dare ɗaya raini ne ga baƙo. A ɗaki kuma ga dunƙulen mochi biyu, wato dafaffiyar shinkafa mai danƙo da aka kirɓa, ƙarami kan babba, da lemo a samansu.

Da hantsi ta aike ni kasuwar Nishiki karɓo kifin da ta yi oda. Wannan lungun kasuwa ko a ranar banza ba a wuce shi da sauri, balle yau. Kowa na sayen kayan osechi, abincin da ake jerawa a akwatuna masu hawa-hawa don a ci kwana uku ba tare da an hura wuta sosai ba. Kowane abu a ciki fata ne: baƙin wake don lafiya da ƙwazon aiki, ƙwan kifi don yawan zuri'a, jatan lande don a tsufa har baya ya lanƙwashe irin nasa. Akwatunan da manyan kantuna ke sayarwa suna da tsadar da ɗalibi ba ya ko tambaya. Kaka da kanta take dafa nata, kwana uku ke nan gidan yana ƙamshin waken da ake dafawa da sukari.

A hanyar dawowa na lura da yadda gari ke rufewa. Bankuna sun kulle tun yau har 3 ga Janairu, ƙananan shaguna sun manna takardar godiya ga abokan ciniki a ƙofa. Kaka ta ce a zamanin Edo, wani tsohon zamani a tarihin Japan, yau ce ranar biyan bashi. 'Yan kasuwa kan ba da kaya bashi, a ranar ƙarshen shekara kuma yaransu su bi gida-gida da fitila har tsakar dare suna karɓa. Ita har yanzu ba ta yarda ta shiga sabuwar shekara da bashin ko yen ɗaya ba. Jiya ta mayar wa maƙwabciya kwanon da ta ara tun lokacin kaka. Wannan ne abin da ya fi burge ni a al'adar nan, fiye da ƙararrawa da ado. Suna ɗaukar shekara kamar abin da ake rufewa da gaske, a ƙulle lissafinta kafin a buɗe wata. Hatta katin gaisuwa, nengajo, da ake kai wa gidan waya kafin 25 ga wata don ya isa daidai ranar ɗaya, yana da ƙa'ida: gidan da aka yi rasuwa a shekarar sukan aika sanarwa tun Nuwamba cewa suna makoki, kada a turo musu murna. Katunan bana duk doki ne a jiki, don 2026 shekarar doki ce a lissafinsu na dabbobi goma sha biyu. Lissafin dabbobin daga Sin ya zo, amma tun 1873 Japan ta mayar da bikin kan kalandar Miladiyya.

Magariba ta yi kafin biyar. Wajen tara muka ci soba, taliyar ƙetare shekara. Doguwa ce don tsawon rai, mai saurin tsinkewa don wahalar bara ta yanke. A Kyoto ana ɗora mata kifi mai zaƙi a kai. Romon da suka saba yi yana da mirin, wanda giyar shinkafa ce, don haka nawa ta dafa shi daban a ƙaramar tukunya da sukari. Ban roƙe ta ba, ita ta riƙe tun ranar da na fara yi mata bayani. Ta tsare ni sai da na shanye, wai ba a barin saura.

Ita ta zauna gaban talabijin tana kallon gasar waƙa ta tashar ƙasa, NHK, da ake yi kowace shekara, ni kuma na sa riguna uku na fita. A titin Shijo mutane na ta kwarara zuwa wurin bautar Yasaka. Ban shiga ba, na tsaya daga tsallake. Masu fitowa suna riƙe da guntuwar igiya mai wuta a baki, suna juya ta a iska kada ta mutu. Da can da wannan wutar ake kunna murhun miyar safiyar sabuwar shekara. Daga bayan nan, a haikalin Chion-in, akwai ƙararrawar da aka ƙera a 1636, nauyinta kusan tan 70, limamansu 17 ne ke haɗuwa su ja gungumen da ke bugunta. Sau 108 ake bugawa, adadin sha'awoyin da addinin Buddha ya ce suna damun ɗan Adam. Amon ba ya da kaifi, a ƙirji ake jin sa, kuma tsakanin bugu da bugu har ka ɗauka an daina. Ba tartsatsin wuta, ba ihu sai na 'yan yawon buɗe ido.

Sha biyu daidai na kira gida, lokacin ana la'asar a Kano. Umma ta ce, "Wace sabuwar shekara kuma, mu da muke cikin Rajab? Ka dai ci abinci?" Na ce na ci taliya. Ta ce taliya ba abinci ba ce.

Na dawo na tarar Kaka ba ta kwanta ba. Ta durƙusa ta yi mini gaisuwar shekara da cikakken ladabi kamar ba tare muka wuni ba, ni ma na rama yadda na iya. Ta ce takwas na safe akwai ozoni, miyar farin miso (wani irin daddawar waken soya) da mochi zagayayye irin na Kyoto, mutanen Tokyo nasu mai kusurwa huɗu ne. Ɗanta ya ja mini kunne a waya in tabbatar an yanka nata ƙanana, don kowace shekara mochi na shaƙe tsofaffi. Da rana zai zo da yaransa uku, kuma a nan ma yara na jiran goron sallarsu, otoshidama, sai dai a ɗan ambulan ake ba su da sabbin takardun kuɗi. Ambulan zan samu a shagon kan kwana da ba ya rufewa. Sabbin kuɗin ne matsala tunda banki a kulle yake. Zan gwada goge tsofaffin da dutsen guga kafin in kwanta.