Baƙin Ganye

Baƙon da Maigida ya yi yau a Ikoyi ya faɗi wata magana a kan tabar Kyuba wadda har yanzu take ci mini tuwo a ƙwarya, duk da cewa ni ban taɓa sa kara a bakina ba, nawa kula da akwatin ajiyarta ne kawai.

Bayan la'asar Maigida ya ce in fito da karan tabar Partagás ɗin nan mai zoben takarda biyu, wanda aka rubuta Edición Limitada, wato fitowa ta musamman, da shekara a kan na biyun. Baƙon ya juya karan a hannu, ya shinshina, sannan ya ce, "Alhaji, an yi maka sakiyar da ba ruwa. Wannan baƙin ai rini ne, kuma baƙar taba bugar da kai take yi." Maigida ya dube ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, haka ganyen yake," na yi shiru, domin ba a ƙaryata baƙo a gaban mai masaukinsa.

Da an ba ni dama, da na ce masa tun shekarar 2000 kamfanin Habanos mai sayar da tabar Kyuba yake fitar da irin waɗannan kaɗan-kaɗan, kuma ganyen da ake naɗe su da shi daga saman tsiron ake tsinko shi, inda ya fi kauri da maiƙo, shi ya sa yake daɗewa a jibge yana nuna har ya yi duhu, sannan a ajiye shi aƙalla shekara biyu. Na wata tabar Kyuba mai suna Cohiba Maduro 5 ma shekara biyar yake yi. Ƙarfin kuwa yawanci daga ganyen ciki yake zuwa, baƙin na waje zaƙi-zaƙi ya fi bayarwa. Gaskiya akwai masu rina ta araha, amma wannan da ka shafa ta da jiƙaƙƙen yatsa za ta bar maka shaida. Bai shafa ba, ya dai zuƙe karan har ya kusa ƙona yatsa, yana ta kushewa.

Da magariba aka ɗauke wuta, janareta kuma ya ƙi tashi. Akwatin yana son laima wajen kashi 70 cikin ɗari, daminar Legas ta wuce haka, ga zafi yana ƙyanƙyashe ƙwaron taba. Na haska fitilar waya na duba sauran karan ɗaya bayan ɗaya, ban ga huda ba, amma akwai wani farin ɗigo a gindin guda ɗaya da ban yarda da shi ba, kuma ban san yadda zan gaya wa Maigida ba tukuna.