Kafin ka yi wa filashi fomat, ka san wa zai karanta shi

A shekarata ta biyu da fara ɗaukar bidiyon biki, na gama haɗa aikin wani ɗaurin aure da kamu, ya kai GB 9. Uwar amarya ta aiko da sabon filashi mai GB 32, fayau babu komai a ciki. Na tura, kwamfuta ta ce fayil ya yi girma. Na ɗauka jabu ne, na sayo wani, shi ma haka. Sai maigidana a sana'a ya nuna min cewa filashin lafiyarsa lau, tsarin cikinsa ne FAT32. Tun 1996 ake amfani da shi, kuma ba ya karɓar fayil guda da ya kai GB 4, komai yawan wurin da ya rage.

Ya ce in yi masa fomat, wato in goge shi in sake masa tsari, in mayar da shi exFAT, wanda Microsoft ta fitar a 2006. Nan take aiki ya shiga, Windows da Mac duk suna karantawa suna rubutawa. Daɗin haka ya ja ni ga kuskuren da ya fi zafi, domin har babban faifan da nake tara ayyukan mutane na mayar exFAT.

Ƙannena, a nan nake so ku tsaya. NTFS, wato tsarin faifai na Windows, yana da littafin da yake rubuta canjin da zai yi kafin ya yi shi, yadda mai shago ke rubuta bashi kafin ya miƙa kaya. In aka katse shi, ya san inda ya tsaya, ya daidaita kansa. exFAT ba shi da wannan littafin. Faifaina kuwa da wutar soket yake aiki. Wani dare ina cikin kwafi aka ɗauke wuta, da ta dawo babu jakar bukukuwa uku. Biyu na ceto da ƙyar. Na ukun da ƙafata na je gidan ango na faɗa masa, kuma har yau ina jin nauyin ranar. Ko NTFS ɗin ma tsarin faifai yake karewa, ba zai cika maka fayil da ya yanke a rabi ba, saboda haka aikin mutane a wuri biyu nake ajiye shi yanzu.

FAT32 bai mutu ba. Rediyon mota da tsohuwar talabijin shi suka fi ganewa, ya ishi karatun Alƙur'ani da waƙoƙi. exFAT na kai da kawowa ne. Ajiyar dindindin a Windows NTFS nake sa wa, amma ku sani Mac karanta shi kawai take yi, ba ta rubutawa sai da ƙarin manhaja. Mai Mac zalla ya riƙe APFS, tsarin Mac na kanta.

In abokinka mai Linux, wata babbar manhajar kwamfuta irin su Windows, ya ba ka faifai mai tsarinta, wato ext4, Windows ba za ta gane shi ba, tana iya tambayarka ko ta yi masa fomat. Kada ka amsa mata. Zare shi ka mayar masa.