Golf GTI ɗin da ta raba ni da Oga

Tunda maganar ta riga ta zagaya har wasu na kira na wai da gaske ne na bar wurin Oga mai sayar da motoci inda nake aikin makanike, eh da gaske ne, na tattara kayana tun ƙarshen watan da ya wuce. Ba zan kama suna ba, 'yan layinmu sun san inda nake nufi. Amma saboda samarin da kullum suke turo min hoton mota suna cewa Injiniya ya ka ga wannan, gara in faɗi abin da idona ya gani game da ƙananan motocin Turai ɗin nan masu gudun tsiya, musamman Golf GTI, don a kanta aka yi abin da aka yi.

Mu nan arewa sunan Golf ya riga ya yi mana daɗi a baki. Golf 2 da Golf 3 sun yi mana bauta, a cusa fasinja a danna buhu a but ta je Katsina ta dawo, in ta tsaya ko yaron gareji zai tashe ta da sufana da filaya. To shi yaro da kuɗi suka fara zama a hannunsa sai ya ɗauka GTI ma haka take, Golf ce dai aka ƙara mata gudu. Wallahi suna kawai suka haɗa.

Wadda ta shigo mana Golf 6 ce ta 2010, fara sol, ga jan layin nan a hancinta, kujeru masu zanen gida-gida, giyar DSG mai canja kanta, injin 2.0 TSI mai turbo ƙarfin doki 210. Ta Legas ta shigo tunda tun farkon 2017 aka hana shigo da mota ta kan boda, amma kowa 'yar Kwatano yake ce mata, baki ya saba. Washegari da sassafe na tayar da ita tana sanyi sai na ji kar-kar-kar daga gefen injin, daƙiƙa ɗaya zuwa biyu ta ɗauke. Wanda bai sani ba ba zai ma kula ba. Ni kuwa gabana ne ya faɗi, don wannan injin taimin cen yake amfani da shi, kuma tenshonan da aka fara sa musu, wato abin da ke ɗame cen ɗin, yana da wani ɗan maƙali mai haƙora da ke riƙe shi lokacin da baƙin mai bai hau ba, in maƙalin ya saki sai cen ɗin ya yi sako-sako ya tsallake haƙori, shi ke nan fiston ya haɗu da bawul. Su kansu Volkswagen sai da suka canja fasalinsa daga baya. Kuma ba sai an sauke komai ba ake ganewa, akwai ɗan murfin roba a jikin kaba ta ƙasa, ka ɓalle shi ka haska tocilan da ɗan madubi. Na ɓalle na leƙa, tsohon ne, kuma ya fito kusan ƙarshensa. Na jona kwamfuta, lambar gyaran kamshaf ta yi nisa. Na ɗauki hoto a waya na nufi ofis.

Na ce Oga ranka ya daɗe motar nan tana son cen da tenshona kafin a sa ta a gaba, in ba haka ba wata rana za a tashe ta ta ƙi tashi kuma injin ne zai tafi. Ko kallon wayar bai yi ba. Ya ce kai yaro mota ka zo saye ko aiki ka zo yi? Ya sa aka juye mata 20W-50 mai kauri a injin da 5W-40 yake sha, ya ce maigadi ya riƙa tayar da ita bayan asuba ta yi zafi kafin masu saye su fara zuwa. Ranar da aka yi cinikin kuwa sai aka aike ni kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano neman abin da ko ɗan koyo zai iya sayowa, na dawo na tarar gurbinta wayam, dillalai na raba la'ada a ƙarƙashin dalbejiya.

Wanda ya saya matashi ne sabon ma'aikaci, adashi ya ɗauka ya haɗa da bashin ofis. Bai jima da ita ba ya tafi biki Zariya, ya kwana, da safe ya murɗa makulli ta yi ƙara sau ɗaya ta mutu, ya sake murɗawa injin na juyawa fayau babu nauyi. A kan janwe aka dawo da ita. Ya zo da kawunsa, dattijo mai natsuwa, aka zauna a ofis aka kira ni, ni a zatona shawarar gyara za a tambaye ni. Sai na ji Oga na cewa Alhaji ni ba makanike ba ne, ga wanda nake biya don ya duba min mota nan, shi ya ce min lafiyarta ƙalau. Na ce Oga ka ji tsoron Allah. Ya daka min tsawa a gaban mutane. Dattijon ya ce ɗana ka duba ko ba ka duba ba, na ce Baba na duba kuma na faɗa, na miƙa masa wayar, Oga ya ce wannan hoton na kowace mota ma zai iya zama. Duk yaran da suka juye 20W-50 ɗin da hannunsu suna tsaye a bakin ƙofa, babu wanda ya ce uffan, kuma ban ga laifinsu ba sosai, kowa da bakin da yake ciyarwa.

Sulhun da aka yi shi ne Oga zai biya rabin kuɗin kaya, aiki kuma kyauta. Kyautar nan daga albashina aka riƙa yanka ta. Na sauke tof silinda, bawul sun lanƙwashe reras, aka jira kaya daga kasuwar Ladipo ta Legas, na farko da suka zo jabu ne kwalin kawai ke da kyau na mayar, motar ta yi makonni a kan jak tana shan ƙura. Abin da aka kashe ya ninka kuɗin cen da tenshonan da na nema tun farko sau ban san adadi ba. Har na bar wurin Oga bai taɓa kira na gefe ya ce yi haƙuri ba, ko a ɓoye.

To ga mai son saye, abu na farko ka je wurin motar da sassafe ba tare da ka sanar ba, ka ɗora hannu a kan bonet. In da ɗumi ka ce za ka dawo gobe. In gobe ma da ɗumi ka san akwai abin da ake ɓoye maka. Kuma ka zo da naka makaniken, ba na mai sayarwa ba, don na wurin ko yana da gaskiya ba lallai a bar shi ya kasance a wurin ba.

Sannan ka yi lissafin riƙo, don shi ke kayar da mutane ba kuɗin saye ba. Tankinta lita 55 ne, litar da muke saye ƙasa da naira 200 kafin a cire tallafi a watan Mayun 2023 sai da ta haura naira 1000 a ƙarshen 2024, kuma wannan ba motar da za ka iya hana ƙafarka taka ta ba ce. Buɗe murfin tankin za ka ga an rubuta 95 ko 98, wato lambar ingancin fetur ɗin da take so, namu na gidan mai yawanci ba ya kaiwa nan, sai biren bos, wato kwamfutar motar, ta riƙa ja da baya don kare injin, ƙarfi ya ragu sha ya ƙaru. Giyar DSG tana son nata man na musamman da filta duk kilomita 60,000, na ga wanda aka zuba masa jan man giyar Toyota, bai yi nisa ba ta fara fizga, kuma in mekatironik ɗinta, wato na'urar da ke sarrafa giyar, ya tafi kuɗinsa kaɗai zai sa ka zauna ka yi shiru. In Golf 5 ce ka samu, yawancinta bel ce ba cen ba, amma akwai ɗan ƙarfe a ƙarƙashin famfon fetur na kan injin, bai fi murfin kwalbar lemo ba, in ya huje ya cinye kamshaf. Arha ne, mintuna kaɗan ake canja shi, amma ba kowa ya san yana wurin ba.

Sauran kuwa kun san su. Famfon ruwa na roba ne yana yoyo, ka sa ido a zafin Maris da Afrilu. Koyil na mutuwa, ajiye ɗaya a but. Baƙin gawayi na taruwa a bawul. Tayar 18 ba ta son ramukanmu, rim na lanƙwashewa. Leƙa ƙasanta, gishirin da Turawa suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe. Mita kar ka yarda da ita, duba sitiyari da feda. Su Focus ST da Mégane RS da Mini Cooper S kuma sai in kana da ɗan'uwa a Turai da zai riƙa aiko maka kaya.

Ba cewa nake motar ba ta da kyau ba fa. Ranar da na gama haɗa ta na fita gwaji a titin Zariya, turbo ya buɗe giya na shiga ba ka ma jin sanda ta canja, na gane abin da ya ja yaron nan ya ci bashi. Tana nan tana yawo har yau a kan 5W-40, kuma wurina yake kawo ta sabis a 'yar rumfar da na kama, kawun ma ya turo min motar gidansa.

Kwamfutar tawa ce da kuɗina na saya, da ita na tafi. Shekaranjiya Oga ya kira wai an kawo wata Audi A3 in zo in ɗan duba masa, na ce to ranka ya daɗe, ga kuɗin dubawa, kuma a rubuce nake bayarwa yanzu da sa hannu, kwafi ɗaya naka ɗaya na mai saye. Ya ce zai neme ni.