Abin da ƙananan kicin suka koya mini a aikin kafinta

Yawancin kicin ɗin da ake kirana in yi wa kabad a Zariya ƙanana ne. A gidajen haya na Samaru da Palladan da Hanwa, da wuya ka samu wanda mutum biyu za su tsaya a ciki ba su gogi juna ba. A cikin birni kuwa sau da yawa wani lungu ne aka yanka daga tsakar gida aka rufa masa kwano. Masu gida kan nuna mini hoto a waya su ce irin wannan suke so. Hoton yana da kyau, amma an tsara shi ne don masu sayen abinci a gwangwani da ƙananan kwalaye. Mu da buhu da tiya muke saye, man gyaɗa da manja kuma a jarka.

Maigidana da ya koya mini aiki a Sabon Gari ba ya farawa da auna bango. Idan mun yi sallama an ba mu izinin shiga, sai ya ce, "Hajiya, a taimaka a fito mana da babbar tukunya da jarkar mai da bokitin gari." Ya ɗora musu tef ɗaya bayan ɗaya, yana cewa da ni, "Kai yaro, rubuta." Sannan ya tambayi inda take tsayawa idan za ta tuƙa tuwo, da hannun da take riƙe muciya. Har yau haka nake yi. Ma'aunin kabad ɗin ƙasa da aka saba shi ne tsayi inci 36, zurfi inci 24. Amma ɗora kan gas a bisa wannan tsayin, ka ɗora tukunya, ka ga ko mace matsakaiciya za ta iya tuƙi ba ta ɗage kafaɗa ba. Shi ya sa nake sauke wurin murhu ƙasa da sauran kantar.

Zurfin nan na inci 24 shi ke cinye wuri. Duk abin da aka tura can ciki an manta da shi, sai ranar da aka zo shara a tarar da ƙullin kuka ya yi fumfuna. A ƙasa na fi son durowa mai janyowa gaba ɗaya, ko da kuɗinta ya ɗan fi. Yaji da daddawa da kanwa da busasshiyar kuɓewa ba sa buƙatar fiye da kanta mai faɗin inci 5 ko 6, a jikin bango ko a bayan ƙofa, a jera su layi ɗaya a robobi masu murfi, ido na ganin kowanne.

Iyayenmu mata sun riga mu sanin cewa akwai wuri a sama, da ragaya suke rataye ƙwaryar nono. Ƙarfe ɗaya mai maratayi a bango yana ɗauke ludayi da mara da rariya da matankaɗi, durowa guda ta samu sarari. Murafen tukwane da tire a tsaye nake yi musu gurbi. Kabad ɗin sama kuma ina kai shi har silin, don saman da aka bari a buɗe ƙurar hunturu kawai yake tarawa.

Damina ce ta fi koya mini hankali. A watan Agusta bangon gidaje da yawa yana tsattsafo da danshi, katakon MDF kuwa, wato wanda ake haɗawa da garin katako da gam, da ya sha ruwa sai ya kumbura ya fara marmashewa, ba ya gyaruwa. Ba na ajiye kabad a kan siminti kai tsaye. Ina sa masa ƙafafu yadda tsintsiya za ta shiga ƙarƙashi, in bar ɗan rata tsakaninsa da bango, in toshe ramin da bututun ruwa ya bi saboda ɓeraye da kyankyasai. Buhun shinkafa mai kilo 50 ba shi da wurin zama a ƙaramin kicin. A ɗora shi kan katako a sito ko a ɗaki, a riƙa ɗibar na mako a bokiti mai murfi. Wake ya fi zama lafiya a buhun PICS mai leda biyu a ciki, idan an ɗaure kowace da kyau ƙwarin ba sa samun iska. Albasa kuma iska take so, kwando ya fi mata kabad.

Abu ɗaya ne ba na yarda da shi ko an roƙe ni: rufe tukunyar gas a kabad marar kafar iska. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya ya taru. Ko a fitar da ita waje a jawo tiyo, ko a bar gabanta a buɗe.

Maganar da ta fi wuya ita ce ta kayan aure. Amarya kan zo da kuloli da samira da faranti saiti-saiti, waɗanda uwa ta yi shekaru tana tarawa, ba zan buɗe baki in ce sun yi yawa ba. Nakan ce, "Hajiya, ware mini waɗanda kike taɓawa kullum." Ba su cika wuce kanta biyu ba. Su nake bai wa wurin da hannu ke kaiwa ba tare da sunkuyo ko hawa kujera ba. Manyan tukwanen Sallah da kulolin suna su hau can sama, na ado kuma in yi musu kabad mai gilashi a falo.