Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekara Biyu ta Aro

Masu bibiyar wannan labari za su tuna cewa a makon jiya na tsaya ne a ranar da na miƙa kundin bincikena na digiri na biyu, a tsakiyar watan Satumba na 2023, na fito daga ɗakin karatu a Birmingham ina jin kamar an sauke mini buhun gero daga ka. A lissafina na wannan rana wahala ta ƙare. Abin da ya rage kawai shi ne in karɓi sakamako, in nemi izinin zama na shekara biyu da gwamnatin Birtaniya ke bai wa baƙin ɗalibai idan sun kammala, sannan in sami aikin injiniya in fara tura kuɗi gida. Ashe da sauran rina a kaba.

Wannan biza ita ce ta kai da yawa daga cikinmu Ingila, ko da kuwa ba ma faɗa a gaban iyaye. Ɗalibai suna kiranta PSW, sunan wata tsohuwar biza irinta da aka soke a 2012 lokacin da Theresa May ke riƙe da ma'aikatar harkokin cikin gida. Gwamnatin Boris Johnson ce ta sanar da dawo da ita a 2019, aka buɗe ƙofarta a ranar 1 ga Yuli, 2021. Mai digiri na farko ko na biyu yana samun shekara biyu, mai digirin digirgir kuma shekara uku. Daɗinta shi ne ba ta buƙatar wani kamfani ya tsaya wa mutum, ba a tambayar nawa ne albashinsa, kuma yana iya yin kusan kowane irin aiki, daga ofis har zuwa wanke-wanke, ko ma ya kafa sana'ar kansa. Wannan ɓangaren ne dillalan makarantu suke yi mana wa'azinsa a Kano. Ɓangaren da suke ratsawa da sauri shi ne cewa sau ɗaya ake ba da ita a rayuwar mutum, ba a sabunta ta, kuma shekarun da aka yi a kanta ba sa shiga cikin biyar ɗin da ake ƙirga wa ma'aikaci kafin a ba shi zaman dindindin.

Sharaɗinta na farko shi ne ya fara cin tuwo a kaina. Dole ne mutum ya nema yana cikin ƙasar, kafin bizar karatunsa ta ƙare, kuma sai jami'a ta sanar da ma'aikatar cikin gida cewa ya ci nasarar kammala karatunsa. Tawa bizar karatun za ta ƙare a ƙarshen Janairu na 2024, jami'ar kuwa ta rubuto mini cikin ladabi cewa ba za ta saki sakamakona ba sai na biya sauran kuɗin makaranta, fam 3,000 cif. Ba zan ɗora musu laifin da ba nasu ba, domin bashi ne na gaskiya. Lokacin da na bar gida a 2022 ana samun fam ɗaya a kan kimanin naira 500 ta hanyar banki, kuma a kan wannan farashi Baba ya yi lissafinsa ya ware kuɗin. A watan Yuni na 2023 sabuwar gwamnati ta sakar wa naira mara, kafin shekara ta ƙare fam ya haura naira dubu da nisa, kuɗin da aka ajiye domin kason ƙarshe ya zama ko rabinsa ba zai biya ba.

Doka ta ƙayyade wa ɗalibi awa 20 na aiki a mako muddin ana cikin zangon karatu, amma da zarar ranar kammala kwas ta wuce yana iya yin cikakken aiki. Don haka daga Oktoba na koma aikin dare a wani katafaren gidan ajiyar kaya da ke bayan Coventry, inda ake biyan fam 10.42 a awa, mafi ƙarancin albashin wancan lokaci. Motar kamfani tana ɗaukar mu da ƙarfe takwas na dare, ta sauke mu bayan asuba. Aikina shi ne bin layukan kanta da wata 'yar na'ura a hannu, tana faɗa mini lambar kaya da daƙiƙun da suka rage mini in ɗauko shi. A layinmu akwai wani ɗan Indiya mai digiri na biyu a harkar kwamfuta, da wata 'yar Ibadan da ta karanta harhaɗa magunguna, kuma idan muka zauna hutun rabin awa babu hirar da muke yi sai ta ranar da bizar kowa za ta ƙare. Bayan na cire kuɗin haya da abinci da na mota, zuwa tsakiyar Disamba na tara abin da zai biya jami'a. Na biya, suka saki sakamako, asusuna ya koma fam 61.

Saura kuɗin bizar kanta. Kuɗin nema a lokacin fam 822 ne, ga kuma harajin lafiya da ake biya gaba ɗaya tun farko, fam 624 na kowace shekara, jimilla fam 2,070. An riga an sanar cewa harajin zai tashi zuwa fam 1,035 a shekara, wanda ya fara aiki a ranar 6 ga Fabrairu, saboda haka kowa yana rige-rigen nema kafin a ƙara.

Na kira gida a daren wata Juma'a. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, ku yi haƙuri, akwai maganar da nake so in kawo muku." Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba, sannan ya ce, "Kai da ka ce mana shekara ɗaya za ka yi, yau kuma ta zama uku? Iyalinka fa?" Na yi ta bayani cewa takardar digiri ba tare da gogewar aiki ba ba za ta mayar da kuɗin da aka kashe ba, cewa albashin wata ɗaya a nan ya fi na shekara a ma'aikatar da na baro. Ya ce shi dai ba shi da abin da zai sake sayarwa, amma ba zai hana ni ba. Umma, wadda ba ta taɓa kiran sunana ba saboda ni ne ɗan fari, ina jin muryarta daga nesa tana cewa, "Ku ce wa yaron nan ya riƙa cin abinci, muryarsa ta rame."

A nan ne zan faɗi abin da har yau nake jin nauyinsa. Lokacin da zan tafi karatu, doka ta ba ɗalibin digiri na biyu damar tafiya da iyalinsa, kuma abokaina da yawa daga kudu sun tafi da nasu. Ni na bar mai ɗakina a gidan iyayenta da jaririyarmu 'yar wata huɗu, bisa alkawarin cewa da na gama karatu na sami biza ta aiki zan aiko musu. Sai a farkon Disamba, a ofishin da ke ba baƙin ɗalibai shawara, wata jami'a ta juyo mini da fuskar kwamfutarta ta nuna mini layin da ban taɓa karantawa ba: wannan biza ba ta ɗaukar mata ko 'ya'ya sai waɗanda tun farko suke cikin ƙasar a ƙarƙashin bizar karatun mutum. Na tambaye ta ko zan iya shigo da su yanzu kafin in nema. Ta ce karatuna ya ƙare, wannan ƙofa ta rufe. Na fito na zauna a tashar bas, bas uku suka wuce ban shiga ba.

Ban gaya wa mai ɗakina ba. Da ta ji daga wajen Umma cewa kuɗin biza ne ya tsaya mini, ba tare da ta yi shawara da ni ba ta ɗauki sarƙa da 'yan kunnen zinaren da aka sa mata a lefe, da zoben da kakarta ta bar mata, ta ba yayanta ya kai kasuwa, ya wuce Wapa ya canza kuɗin. Ta turo mini saƙon murya tana dariya, tana cewa, "Malam, ka biya kawai, ai idan mun zo ka saya mini wanda ya fi shi." Na saurari saƙon nan ya fi sau goma a ɗakin canza kaya na wurin aiki. Na san lokacin faɗar gaskiya ke nan, amma na ce wa zuciyata bari a fara samun bizar tukuna. Na haɗa kuɗinta da albashin mako uku, na cike takardun ta intanet a ranar 9 ga Janairu, na ɗora wayata a kan katin zamana ta karanta bayanan da ke ciki, na biya.

Hukuma ta ce amsa tana iya kai mako takwas. Muddin mutum ya nema kafin tsohuwar bizarsa ta ƙare, zamansa halal ne har a yanke hukunci, amma idan ya fita daga ƙasar a wannan tsakani an ɗauka ya janye buƙatarsa. A cikin waɗannan makonni aka ɗaura auren ƙanwata, na ce wa dangi doka ce ta hana ni zuwa. Gaskiya ne, sai dai ko da doka ta bari ba ni da kuɗin jirgi.

Saƙon amincewa ya shigo a tsakiyar Fabrairu. Abin da idona ya fara sauka a kai shi ne ranar ƙarewa, Fabrairun 2026, kuma tun daga wannan lokaci kwanaki suka fara yi mini gudu. A daren na kira mai ɗakina na gaya mata komai, har da ranar da na sani. Ta yi shiru mai tsawo, ina jin kukan yarinyar a bayanta. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma ambaci zinaren ba, kuma da ta ambata da ya fi mini sauƙi. Abin da ta ce kawai shi ne, "Da ka gaya mini ma da zan sayar. To yanzu sai yaushe?" Na ce sai na sami kamfanin da zai tsaya mini in koma bizar ƙwararrun ma'aikata, domin ita tana ba da damar kawo iyali. Ta ce Allah Ya kawo, ta yi mini sai da safe.

Daga nan na gane cewa shekara biyun nan an ba ni su ne domin neman wanda zai riƙe ni kafin su ƙare. Gwamnati tana wallafa jerin kamfanonin da ke da lasisin ɗaukar baƙi, dubban sunaye, na sauke shi a kwamfutata ina tace na gine-gine da na hanyoyi. Ina dawowa daga aiki in yi barcin awa biyar, in tashi in cike takardun neman aiki har la'asar. Kusan kowace takarda tana da tambaya guda da na zo na tsana: shin kana buƙatar kamfani ya tsaya maka kan biza, yanzu ko nan gaba? Idan na amsa da e, sau da yawa kafin gari ya waye saƙon ban haƙuri ya iso, da saurin da ya nuna mini babu ɗan Adam da ya buɗe takarduna. Ban ga baƙinsu sosai ba. A lokacin babban kamfani yana biyan gwamnati fam 1,000 a kowace shekara a kan baƙon da ya tsaya wa, ban da kuɗin lasisi da na lauya, alhali ga ɗan ƙasa a bakin ƙofa wanda ba ya buƙatar ko ɗaya.

Wani abokina ɗan Sakkwato ya ba ni shawarar in bi hanyar da mutane da yawa suka bi, wato aikin kula da tsofaffi, har ya ce ya san wanda zai samo mini takardar tsayawa idan na kawo wasu dubban fam. Sayar da wannan takarda haramun ne a dokar ƙasar, kuma na san waɗanda suka biya suka tarar babu aikin. Ban da haka, daga watan Maris na 2024 an hana masu wannan aiki kawo iyali, wato ko na samu bai warware mini komai ba.

Azumi ya kama a ranar 11 ga Maris, ina shan ruwa a ɗaki in ruga in kama motar aiki, in yi sahur da burodi da shayi a tsaye tsakanin kantoci. Muna cikin goman ƙarshe, a ranar 4 ga Afrilu, dokar da ministan cikin gida James Cleverly ya sanar tun Disamba ta fara aiki: mafi ƙarancin albashin da za a tsaya wa baƙo ya tashi daga fam 26,200 zuwa fam 38,700. A lokacin akwai sassauci ga sababbin masu digiri irina, fam 30,960, sai dai shekara huɗu kawai ake cin moriyarsa, kuma har da shekarun da mutum ya yi a kan wannan biza ake ƙirgawa. Yawancin guraben da nake nema albashinsu yana ƙasa da haka ko yana daf da shi. A lokaci guda kuma an ba kwamitin da ke ba gwamnati shawara kan ƙaura aikin duba ko bizar tamu ta cancanci a bar ta, kuma sai a watan Mayu ya ce a bar ta. Ƙannenmu da ke shirin tafiya yanzu su sani cewa gwamnatin da ta biyo baya ta rage ta zuwa wata 18 ga masu nema daga Janairun 2027, ban da masu digirin digirgir.

Ana saura kwana biyu Sallah, ina cikin motar dawowa daga aiki, na buɗe wayata na ga saƙo daga wani ƙaramin kamfanin gine-gine da ke wajen Wolverhampton, suna gayyata ta ganawa a mako mai zuwa. Shi ne na farko cikin takardu 140 da wani abu da na aika. Na duba jerin gwamnati sau biyu, babu sunansu a cikin masu lasisi. Na koma na duba takardar da na cike musu, sai na ga dalilin da ya sa ta kai hannun mutum: babu waccan tambayar a cikinta, kuma ni ban ce komai a kan biza ba. Na sauka a unguwar Small Heath ta Birmingham, na tsaya a bakin shagon wani ɗan Pakistan da bai buɗe ba tukuna, na rubuta musu cewa zan zo, na goge layin da na fara rubutawa game da ranar ƙarewar bizata, na sake rubuta shi, na sake gogewa.

Yadda ganawar ta kasance, da abin da mai kamfanin ya ce lokacin da maganar ta fito, shi ne za mu ɗora a kai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.